Shinkafa a Ƙofar Motar Haji Tohir

A unguwarmu ta Plaju da ke birnin Palembang, in ka ji ana muhawara a rumfar kofi ta Cek Mala kuma murya ɗaya ce tak ke tashi, ba sai ka leƙa ba, Mang Dencik ne. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗaure igiya a jirgin fito na kogin Musi kafin a sallame shi. Amma a bakinsa, shi ne ya riƙe jirgin, da injin, da kogin gaba ɗaya.

"Ruwa ya san ni," haka yake faɗa yana bugun ƙirji. "Ko a kofi na gan shi, na san inda ya fito, na san inda ya dosa."

Shekara uku ke nan da sallamar, bai riƙe wani aiki ya cika wata ba. Matarsa Bik Rohaya ce ke ci da gidan da wainar kifin da take kai wa kasuwa kullum safiya.

Ana nan sai yayanta Haji Tohir, mai shagon katako, ya tashi tafiya Umra. Haji yana da wata farar mota mai kujera bakwai, wadda ko ƙuda ya sauka a kanta sai ya harare shi. Ranar tafiya ya kira Mang Dencik, ya riƙe makullin a sama ya daɗe bai saki ba.

"Dencik, kwana goma sha biyu zan yi. Ka tayar da ita kowace safiya, ka wanke ta, ranar dawowa ka ɗauke ni a filin jirgi. In na tarar da ita yadda na bar ta, zan bar maka ita ka riƙa ɗaukar fasinja, ko ƙanwata ta huta."

"Kak Haji, yadda ka bar ta? Ai raini ne ma. Sai dai ka tarar ta fi haka." Kak a wurinmu shi ne Yaya.

"Ban ce ta fi ba. Na ce yadda na bar ta."

Bik Rohaya ta raka yayanta bakin titi, ta dawo ta tsaya a gaban mijinta.

"Kak Den, don girman Allah. Ka tayar, ka wanke, ka kashe. Abu uku ne."

"Ke dai je ki duba kifinki."

Lokacin damina ce, ruwa kullum la'asar kamar an yi yarjejeniya da shi. Washegari Mang Dencik ya wanke mota tas, ya goge gilasai har suna ɗaukar ido, ya shiga ya zaga unguwa a hankali don kowa ya gani. Duk wanda ya hango sai ya danna maɓalli gilashi ya sauka, ya ɗaga masa hannu kamar gwamna, ya sake dannawa ya hau. A karo na uku ya lura: duk sa'ad da gilashin ya hau, sai ya fito da wasu dogayen zane na ruwa daga sama har ƙasa, kamar katantanwa sun yi tsere a kai. Ya tsaya ya goge. Ya sauke, ya ɗaga. Zane ya dawo. Ya gwada sauran ƙofofin uku, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

A haka ya isa rumfar kofi. Cek Mala ta leƙo da ludayi a hannu.

"Mang, motar kuka take yi? Tun yanzu ta fara kewar mai ita?"

Direbobin tasi uku da ke zaune suka kwashe da dariya, sannan ɗayansu ya ce ai tasa ma haka take yi duk damina, fasinja har ƙorafi suke. Na biyu ya ce tasa ta fi. Koh Ahong, bakaniken da garejinsa ke tsallaken titi, ya ɗago daga kofinsa.

"Danshi ne a cikin ƙofa. Kawo ta anjima, minti biyar ne."

"Minti biyar!" Mang Dencik ya juya ya dubi jama'a. "Kun ji masu aikin shafa-shafa ko? Koh, kai ƙarfe ka sani. Wannan matsalar ruwa ce. In ana maganar ruwa, mai sufana sai ya yi shiru."

Koh Ahong ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kofinsa.

Shi kuwa Mang Dencik tuni lissafi ya tafi da shi, yana yi yana faɗa a fili kowa na ji. In motoci uku a rumfa ɗaya suna da wannan cuta, to nawa ke nan a Palembang gaba ɗaya? Duk wanda ya gano maganinta, ai layin motoci zai kama daga ƙofar gidansa har gadar kogin Musi. Me zai yi da ɗaukar fasinja? Shi da zai ɗauki ma'aikata! Kafin azahar ya samo allon katako ya rubuta da jan fenti: ASIBITIN GILASHIN MOTA, DOKTA DENCIK, ƘWARARREN RUWA. Ya jingina shi a bakin layi inda yake ajiye motar, ya koma rumfa.

"Saura magani," in ji Cek Mala.

"Magani yana nan," ya nuna kansa da yatsa. "Ku ba ni amsa. In waya ta faɗa ruwa, me ake yi mata?"

"A binne ta a shinkafa," in ji wani direba.

"Madalla. Me ke cikin waya? Wayoyi da maɓallai. Me ke cikin ƙofar mota? Wayoyi da maɓallai. To ƙofa ai babbar waya ce. Tunda ba za a iya sa ƙofa a shinkafa ba, sai a sa shinkafa a ƙofa."

Rumfa ta yi tsit. Shi a wurinsa shirun girmamawa ne.

Da gari ya waye ya jira Bik Rohaya ta tafi kasuwa, ya sungumo buhun shinkafar gida, ya naɗe kwali ya yi mazurari. Ya sauke gilasai, ya buɗa robar bakin taga da cokali, ya shiga ɗura. Gwangwani goma sha biyar kowace ƙofa. Ta direba ya ƙara mata biyar saboda ita ta fi aiki. Ana jin shinkafa na gangarawa ciki, sharrr, kamar ruwan sama a kan kwano.

Da rana Bik Rohaya ta ɗaga buhu ta ji shi sakayau.

"Kak Den, ina shinkafata?"

"Tana wurin aiki."

"Wane aiki?"

"Aikin da zai sa ki daina soya kifi har abada."

Ta dube shi, ta dubi cokalin da ya lanƙwashe a aljihunsa, ta zauna a kan turmi ta dafe kai.

Da la'asar aka tafka ruwa. Washegari da ya ɗaga gilashi, zane ya fito, amma wannan karon fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Direbobi suka taru suna kallo.

"Dokta, ai ya ƙaru."

"Ba ƙaruwa ba ce, fita ce. Ba ku taɓa shan maganin zazzaɓi kun yi gumi ba? Cuta ce ke fitowa."

Kwana biyu bayan haka gilasai suka fara nishi. In ya danna maɓalli sai a ji wani gurnani daga cikin ƙofa, gilashi ya taho a hankali kamar tsohon da ke hawa bene, ya tsaya ya huta, ya ci gaba. Shinkafa ta sha ruwa ta kumbura. Tururuwa suka yi layi daga kwata zuwa tayoyi. Kajin unguwa suka daina zuwa bola, suka tare a ƙarƙashin mota.

"Ga layin da ka ce zai kama har gada," in ji Cek Mala. "Sai dai duk masu ƙafa shida ne."

Mang Dencik bai kula ta ba. Ya zagaya mota sau biyu hannu a baya, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kasa kunne.

"Shinkafa ta gama nata aikin, ta tsotse ruwan. Yanzu saura a busar da ita. Mataki na biyu ke nan, da ma yana cikin tsari."

Ya je wurin mai tsiren bakin layi ya aro kaskon gashinsa tun da safe, ya haɗa da kurfoti uku na maƙwabta. Ya wangale ƙofofi huɗu, ya ajiye garwashi ƙarƙashin kowace ɗaya, ya ɗauki mafici yana bi yana fifitawa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Koh Ahong ya fito bakin garejinsa, ya jawo kujera ya zauna. Ya ma ajiye aikin da yake yi.

Bayan kamar rabin awa, tururi ya fara fita ta bakin tagogi.

"Kun gani?" Mang Dencik ya ɗaga mafici sama. "Ga danshin nan yana gudu! Koh, minti biyar ɗinka za su iya wannan?"

"A'a," in ji Koh Ahong. "Wannan kam ba zan iya ba."

Sai kuma ƙamshi ya biyo baya. Ƙamshin da duk wanda aka haifa a gidan da ake ɗora tukunya ya sani. Mata suka fara leƙowa ta tagogi. Ba a jima ba sai ga Cek Mala ta tsallako titi da faranti a hannu ɗaya, kwanon miyar kifi a ɗayan.

"Dokta, a zuba min ta ƙofar baya. Ta gaba na ji kamar ta kama, ni kuma ba na cin ƙanzo."

Layi ya ɗauki shewa. Wani ya ce a sa masa ta direba tunda ta fi yawa. Mang Dencik ya buɗe baki zai mayar da martani, sai ya ji wani ƙauri da ba na shinkafa ba. Ya duƙa. Robar ƙasan ƙofofi ta narke tana ɗiga kamar alewa, farin fenti ya koma launin gasasshen biredi. Ya shure kaskon tsire, garwashi ya watse, kaji suka tashi sama, shi kuma ya shiga rawa da ƙafa ɗaya saboda wani garwashi ya faɗa masa cikin silifa.

Kafin la'asar ya samo ragowar fentin da aka yi wa katangar masallaci ya shafe wurin. Daga nesa, in mutum bai sa tabarau ba, ba laifi.

A ranar Haji Tohir ya bugo waya daga Makka.

"Dencik, ya motar?"

"Kak Haji, mota lafiya lau. Kai, ta ma ƙoshi."

"Ta ƙoshi? Ka cika mata mai ke nan?"

"Har wuya. Kai dai ka sa mu a addu'a."

Bik Rohaya da ke gefe ta ce a hankali, "Ya sa ka dai."

Daga nan aka shiga kwanakin rana da safe, ruwa da yamma. Dafaffiyar shinkafa a rufe cikin ƙarfe, ta sha zafi, ta sha ruwa, ta sake shan zafi. Ranar kwana na tara liman ya fito daga sallar azahar, ya tsaya cak a bakin layi, ya shaƙi iska.

"A'uzu billahi. Wa ke dafa giya a gindin masallaci?"

Magana ta kai kunnen mai unguwa. Ya ɗebi dattawa biyu suka shiga bin gida-gida suna shinshina kamar masu neman mushen ɓera. Suka duba bayan gidan wani gwauro da aka daɗe ana zargi, ba komai. Suka duba garejin Koh Ahong, sai warin baƙin mai. Hanci dai ya yi ta jan su har ya dire su a gaban farar motar Haji Tohir, mutumin da a daidai lokacin yake ɗawafi.

"Inna lillahi," in ji ɗaya dattijon. "Ashe katakon nan rufa-ido ne."

"Wane irin zance ne wannan!" Mang Dencik ya taho da gudu. "Ba giya ba ce, kimiyya ce. Abin da kuke ji sinadari ne ke aiki."

"Mang," in ji mai unguwa yana toshe hanci da hula, "ruwa ba ya tsami banza. Sinadarin nan naka in ya ƙara kwana biyu, sai mun nemi lasisi."

Kafin magariba labari ya kai kasuwa cewa Haji Tohir yana da ɓoyayyar sana'a. Bik Rohaya ta dawo gida ko tire ba ta ajiye ba.

"Shekara talatin yayana yana sahun gaba, yau a kasuwa wata ta tambaye ni nawa yake sayar da kwalba! Ba ni makullin nan in kai wa Koh Ahong."

Mang Dencik ya damƙe makullin da ya rataya a wuya da igiya.

"In Koh ya taɓa motar nan, ni da shi ɗaya zai bar Plaju. Ana gab da gamawa za ki kai masa ya kwashe suna? Saura mataki na uku."

"Matakan nan nawa ne?"

"Ya danganta."

Mataki na uku ya zo ranar jajibirin dawowar Haji. Abin da ruwa ya ɓata, in ji Mang Dencik, ruwa ke gyara shi. Ya jawo tiyo daga famfon alwala na masallaci, ya cusa a bakin tagar farko, ya ce a buɗe har ƙarshe. Nufinsa ruwa ya wanke shinkafar ya fito da ita. Ruwa ya shiga. Ya yi ta shiga. Ta ina zai fito, wannan tambayar ba ta cikin tsari. Da ya ga ya cika yana ambaliya ta sama, sai ya ce wannan ta wanku, ya koma ta gaba.

Da ya gama, kowace ƙofa ta yi nauyin ɗan maraƙi. In an rufe ta sai a ji ƙundum, sannan wani kwacal-kwacal ya biyo baya ya daɗe bai lafa ba. Ya danna maɓallai. Gilasai huɗu suka yunƙura, suka hau, suka hau, saura kamar faɗin tafin hannu su rufe, sai suka tsaya. Ya danna sama, shiru. Ya danna ƙasa, shiru.

"Daidai inda nake so," ya faɗa wa masu kallo. "Don iska ta riƙa shiga."

Saura wari. Da safen ranar dawowa ya tsaya a kasuwa ya sayi durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da ɗan karen wari, guda biyu manya da suka nuna har suka fashe, irin waɗanda ko a otal ba a bari a shiga da su, ya ajiye ƙarƙashin kujeru. A ganinsa babban wari shi ke kore ƙarami. Bik Rohaya ta shiga baya ta naɗe fuska da mayafi. Ba su kai gada ba ta gane warin biyu ba faɗa suka yi ba, ƙawance suka ƙulla.

Haji Tohir ya fito daga filin jirgi cikin farar jallabiya ƙal, da carbi a hannu, fuska na sheƙi. Ya rungumi ƙanwarsa, ya rungumi Mang Dencik har da bubbuga masa baya. Ya hango motarsa daga nesa ya yi murmushi. Ya kama ƙofar gaba ya ja, ta ƙi tahowa da hannu ɗaya, ya sa biyu.

"Ƙofar nan ta yi nauyi, ko ni ne na rame?"

"Gajiyar ibada ce, Kak Haji."

Ya shiga ya zauna. Ya ja numfashi ɗaya. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Dencik, mene ne wannan?"

"Durian ne na tarbarka."

"Na san durian tun kafin a haife ka. Ina nufin abin da ke bayan durian ɗin."

"Ai daga ƙasa mai tsarki kake, Kak Haji. Dole duniya ta yi maka wari kwana biyu."

Haji ya danna maɓallin taga. Ƙofa ta yi wani gurnani daga can ƙasan cikinta, ta yi gyatsa, ta yi shiru. Ya waiwaya ya dubi ƙanwarsa. Bik Rohaya ta ƙura wa silin mota ido.

Suna hawa gada hadari ya sauko. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska na koro shi ta gefen hagu, daidai ta tafin hannun da aka bari don iska. Haji ya kare da hula, hula ta jiƙe. Ya kare da sallayar da ya sayo tsaraba, ita ma ta jiƙe. Duk kwanar da aka sha, ƙofofi huɗu su amsa kwacal-kwacal. Suna sauka daga gada aka ji ƙwas! Makullan ƙofofi duka suka danne kansu. Daga nan kuma duk ramin da taya ta faɗa, sai hon ya yi ƙara shi kaɗai. Titin Plaju kuwa ba ya rowar rami.

"Wa kake yi wa hon?"

"Sanarwa ce, Kak Haji. Don a san ka iso."

An kuwa sani. A bakin layi an kafa rumfa, an jera kujeru, masu mandiri goma sha biyu sanye da kaya iri ɗaya, liman da mai unguwa a gaba, mata da tire-tiren abinci, unguwa kaf ta fito. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da mota ta tsaya. Mandiri ya ɗauka, aka shiga salati. Liman ya matso ya kama ƙofa don ya buɗe wa baƙon Allah. Ya ja. Ya sake ja. Mai unguwa ya kama masa. Daga ciki Haji na turawa da kafaɗa, Mang Dencik na danna duk maɓallin da yatsansa ya samu, abin goge gilashi ya tashi, fitilu suka kama, hon ya amsa.

Masu mandiri ba su san ko su tsaya ba, sai suka ƙara ƙarfi. Jama'a kuma tunda sun zo gaisuwa, ba su fasa ba. Haji ya zuro yatsu huɗu ta saman gilashi, aka yi layi ana kama su ɗaya bayan ɗaya.

"Barka da dawowa, Haji. Allah ya karɓa."

"Amin. A buɗe ni."

"Ya hanya, Haji?"

"A buɗe ni, na ce."

Bik Rohaya ce ta haura kujeru ta lalubo sakatar but daga ciki. Marfin baya ya ɗaga, wari ya fito ya yi sallama, sahun gaba ya ja da baya taku uku. Ta fito. Sannan Haji Tohir, mutum mai jiki da shekara sittin da biyu, ya haura kujera ta farko, ya haura ta biyu, ya fito da baya da baya, jallabiya ta manne masa kamar fatar albasa, ƙayar durian ta kama gefenta. Mandiri ya mutu da kansa.

Haji ya miƙe. Ya gyara hula. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba da yatsa, ta amsa masa kwacal.

"Me ke cikin ƙofata?"

Mang Dencik, da ya fito a ƙarshe, ya gyara murya. "Kak Haji, abin yana da matakai. In ka fahimci yadda ruwa yake tunani..."

"Shinkafa ce," in ji Cek Mala daga cikin mata. "Gwangwani sittin da biyar. Mun so mu ci, ya hana."

Sai ga Koh Ahong ya ratso jama'a. Ya tsaya gaban tiren tsire, ya ɗauki tsinke ɗaya, ya cinye naman a tsanake. Ya durƙusa gefen ƙofa, ya laluba ƙasanta da yatsa, ya zura tsinken ya juya.

Abin da ya fito ba ruwa ba ne, ba kunu ba ne, wani abu ne tsakaninsu, fari-fari mai kumfa. Ya yi tsartuwa ya sauka a kan sababbin takalman Haji, ya ci gaba da bulbulowa.

"Kowace ƙofa tana da 'yan huji a ƙasa," in ji Koh Ahong yana matsawa ta gaba. "Ruwan sama ya shiga ta taga, ya fita ta nan. Laka ce ta toshe su, shi ya sa robar ke jiƙa gilashi. A zungure, a sauke gilasai a bar ta a rana. Shi ke nan."

Ya zungure ta biyu, ta uku, ta huɗu. Kogi huɗu suka haɗu suka gangara ƙarƙashin kujerun baƙi. Agwagin mai unguwa suka taho a guje suka dulmiya baki. Ba a yi minti goma ba babban cikinsu ya fara tafiya a karkace, ya yi wa liman wani irin kallo, ya faɗa kwata ƙafafu a sama.

"Ai ni na jiƙa masa lakar," in ji Mang Dencik da ƙarfi don na baya su ji. "In ba don mataki na uku ba, tsinken nan karyewa zai yi."

Ba wanda ya yi dariya, domin kowa Haji yake kallo. Fuskarsa ta yi ja, ta koma baƙi-baƙi, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya dubi fentin katangar masallaci da ruwa ya wanke daga ƙofarsa, ya dubi ƙunar da ke ƙarƙashi, ya dubi agwagwa. Ya buɗe baki. Mata suka janye yara. Sai ya rufe, ya ja carbi sau uku, ya yi wani murmushi da ya fi tsawa ban tsoro.

"Jama'a, ku shaida. A gaban ɗakin Allah na ɗauki alkawari, in na dawo gida ba zan ɗaga wa kowa murya ba, ba zan ɗaga wa kowa hannu ba, har kwana arba'in." Ya dafa kafaɗar Mang Dencik a hankali, ya cire igiyar makullin daga wuyansa kamar mai cire wa yaro laya. "Dencik, ƙanina. Yau ɗaya."

Mako biyu Koh Ahong ya yi yana kwance ƙofofi yana kankara da cokalin magina. Da mota ta dawo hayyacinta, Haji ya danƙa makullin a hannun Bik Rohaya, ya sa aka koya mata tuƙi, ta shiga kai wainar kifi har kasuwannin tsallaken kogi.

Shi kuwa Mang Dencik, sai ya zama bai taɓa samun mai kula da shi kamar Haji ba. Kullum bayan sallar asuba Haji zai ratso sahu ya kama hannunsa da hannu biyu, ya tambayi lafiyarsa, ya tambayi ƙarfin jikinsa, ya ce, "Ka riƙa cin abinci sosai." A rumfar kofi kuma Cek Mala ba ta ajiye masa kofi sai da ƙarin bayani.

"Ga naka, Dokta. Saura ashirin da shida."

Da aka shiga kwana na talatin, wani direba ya kawo labarin ya ga Haji a shagonsa ya zaɓi wani guntun katako mai tsawon hannu, yana goge shi da takardar yashi yana waƙa. Mang Dencik ya ce ai ƙafar kujera ce. Direban ya ce to kujerar mai ƙafa ɗaya ce, kuma an yi mata mariƙi.

Ranar kwana talatin da tara da hantsi aka ga Mang Dencik a bakin kogi da jaka a kafaɗa. Ya shaida wa masu dako cewa an aiko masa takanas daga can saman kogi, wata madatsar ruwa ce ke yoyo, injiniyoyi sun rasa yadda za su yi. Yaushe zai dawo? Ya danganta da matakai.

Ya shiga kwale-kwale ya zauna kusa da mai tuƙi, wani baƙo da bai san shi ba. Aka tayar da inji, gari ya fara ja da baya. Mang Dencik ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙe ƙafa. Sai ya ji sanyi a tafin ƙafarsa. Ya duba, ɗan ruwa ne ya taru a ƙasan jirgin, bai kai cikin kofi biyu ba. Ya karkata kai ya ƙura masa ido, sannan ya taɓa gwiwar mai jirgin.

"Ɗan'uwa, ka yi sa'a da ka ɗauko ni. Ka san ƙofar mota, 'yan huji ake yi mata a ƙasa don ruwa ya fita? Kana da ƙusa?"